Jan Ƙyallen Mai Almakashi

Shekara talatin da ɗaya Mai Almakashi ya yi yana aiki a hukumar gari, kuma a tsawon wannan lokaci babu rijiya ko aji ko rumfar kasuwa da aka buɗe ba tare da ya tsaya a gefe riƙe da faranti ba. A kan farantin akwai almakashi, a bakin ƙofar da za a buɗe kuma akwai jan ƙyalle. Shi ne mai ɗaura ƙyallen, shi ne mai miƙa wa Shugaban hukuma almakashi ta wajen mariƙi, sannan ya ja da baya taku biyu domin kada ya shiga hoto. Idan an gama tafi, jama'a sun watse, sai ya kwance guntaye biyun ya naɗe su ya sa a aljihu. Iyakar aikinsa ke nan, kuma bai taɓa makara ba ko sau ɗaya.

Ofishinsa yana ƙarƙashin matakalar bene, inda dogon mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Shi kuwa gajere ne, siriri, mai yawan goge takalmi, saboda haka wurin ya zauna masa daidai. A cikin aljihun teburinsa akwai takardar da ya sa wa hannu ranar da ya kama aiki, ga abin da ke cikinta: "Almakashi ɗaya, na ƙarfe. Faranti ɗaya. Ƙyalle ɗaya, ja, mita goma sha biyu. Kayan dindindin ne, a mayar da su ranar barin aiki."

A dokar hukumar, ba a sake kayan dindindin muddin suna nan. Mai Almakashi bai san wannan ba sai bayan bikin farko, lokacin da ya je wurin Mai Sito, wato mai kula da ɗakin ajiyar kayan hukuma, yana neman sabon ƙyalle.

Mai Sito ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Na hannunka ya ɓace ne?"

"Bai ɓace ba."

"Ya ƙone?"

"A'a. Shugaba ne ya yanka shi gida biyu."

"To, Malam, ɗaya na ba ka, yanzu biyu gare ka, kuma ka zo neman na uku? Ka ji tsoron Allah."

Ranar nan ya koma gida jiki a sanyaye, ya shimfiɗa guntayen a gaban matarsa. Ita kuwa mace ce mai keken ɗinki, marar yawan magana. Ta datse bakin da ya zazzare, ta ɗora wannan kan wancan, ta taka keke, ƙyalle ya koma ɗaya. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida: Shugaba ya yanka da safe, uwar yara ta ɗinke da yamma. Sai dai kowane ɗinki yana cin kamar faɗin yatsa uku, kuma garin nan gari ne mai son buɗe abubuwa. Akwai wani famfo a bakin tasha da shugabanni huɗu suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa da jawabinsa, ruwa kuwa bai taɓa fitowa ba.

Shekara goma sha biyu ba wanda ya lura. A ta goma sha uku aka zo buɗe babbar ƙofar kasuwa, ƙyalle ya kasa kaiwa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Mai Almakashi ya sa masinja biyu suka riƙe bakin ƙyallen a tsakiyar hanya. Shugaba yana cikin jawabi sai ga wata tsohuwa da tunkiyarta, ta bi ta gefen masinja ta shige kasuwar da ba a buɗe ba tukuna, kuma mai hoto ya ɗauke ta. Ran Shugaba ya ɓaci ƙwarai. Washegari ya fitar da umarni a rubuce cewa daga yau duk ƙofar da za a buɗe, wajibi ne ƙyalle ya rufe ta daga bango zuwa bango.

Mai yiwuwa nufinsa a samo ƙyalle mai tsawo. Amma umarnin bai faɗi haka ba, Mai Sito kuma ba ya karanta nufi. Sai Injiniyan hukuma ya warware matsalar ta ɗaya ɓangaren. Kafin a zana kowane gini, yakan sunkuyo ƙarƙashin matakala ya ce, "Malam, nawa muke a yau?" Mai Almakashi ya faɗa masa, shi kuma ya rubuta a fayil cewa faɗin ƙofa daidai da ƙyallen hukuma. Da haka ƙofofin garin suka riƙa tsukewa shekara bayan shekara. Har ta kai baƙo mai lura zai iya sanin shekarun gini daga ƙofarsa. Makarantar 'yan mata mota tana shiga. Ɗakin karatu, wanda ya biyo baya da shekara bakwai, sai amalanke. Sabon ɗakin shan magani kuwa, sai an karkata gadon marar lafiya kafin a shigar da shi, kuma ma'aikatan sun ƙware har ba sa zubar da kowa.

Mai Almakashi yana ganin duk wannan, kuma a ransa yana jin wani ɗan alfahari da ba ya faɗa wa kowa. Idan ya bi ta titi yakan dubi ƙofa ya ce a zuci, wannan ta zamanin mita shida ce. Abu ɗaya ne kawai ke hana shi sakewa, wato takardar nan ta aljihun tebur. Duk ma'aikacin da ya mayar da kayan hukuma yadda ya karɓe su, ana ba shi takardar sallama mai tsabta, a karanta sunansa a taron ban kwana, Shugaba ya miƙa masa hannu. Wanda aka samu da giɓi kuwa, ana rubuta giɓin a takardarsa, kuma a gari irin wannan, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Mai Almakashi ba shi da gona, ba shi da mota, ba shi da komai da zai nuna na shekara talatin da ɗaya sai sunansa. Ga ritaya saura wata uku, ga ƙyalle ya dawo mita ɗaya da rabi, ɗinki kan ɗinki, ya yi tauri kamar ɗamarar soja.

Bikinsa na ƙarshe, wanda shi ne na ɗari biyu da goma, na buɗe ofishin 'yan kwana-kwana ne. Motar kashe gobara ta riga ginin isowa da wata takwas, sai aka ajiye ta a filin, magina suka zagaye ta da katanga domin tsaro, suka bar ƙofa daidai da ƙyalle. Direban motar ƙanin matar Mai Almakashi ne, wani ƙato mai barkwanci da ake kira Jiniya, saboda ko raɗa ya yi maƙwabta sai sun ji.

Ranar biki komai ya tafi daidai. Ƙyalle ya rufe ƙofa daga bango zuwa bango, Shugaba ya yanka, aka yi tafi. Jiniya ya ta da mota, ya kunna jiniyarsa, ya taho a hankali har hancin motar ya iso bakin ƙofa, sannan ya taka birki. Jama'a suka ɗauka cikin tsarin biki ne, suka ƙara tafi. Shugaba ya shiga motarsa ya tafi.

Bayan kwana tara, da hantsi, rumfar mai faci da ke tsallaken titi ta kama da wuta. 'Yan kwana-kwana suka fito ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar nan, kowa da bokiti. Jiniya kuwa ya zauna a cikin motarsa a bayan katanga yana ta kunna jiniya domin ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Ba wanda ya ji rauni, amma rumfa ta ƙone ƙurmus, kuma rabin gari ya tsaya yana kallo. Dole aka kafa kwamitin bincike.

Sakataren hukuma ne ya riƙe alƙalamin kwamitin. Mutum ne mai ƙiba, mai son a ce ya rame, kuma bai taɓa haɗuwa da matsalar da takarda ba ta iya kashewa ba. Cikin kwana biyu ya gano bakin zaren, ya sauko da kansa ƙarƙashin matakala, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya rabinsa a waje.

Ya ce, "Malam, na zo maka da alheri. Fayil ya ce ƙofa daidai take da ƙyalle. Littafin sito ya ce ƙyalle mita goma sha biyu ne. Ke nan ƙofa mita goma sha biyu ce. Mota kuwa faɗinta mita biyu da rabi. Motoci huɗu za su fita a jere, har mai keke ya bi ta gefe. Ka ga laifin wa ke nan?"

Mai Almakashi ya ce, "Ranka ya daɗe, na wa?"

"Na direba mana! Bai iya tuƙi ba, za a sallame shi. Kai kuma abin da ake so gare ka kaɗan ne. Ran Laraba ka zo gaban kwamiti, in tambaye ka ko ƙyalle yana nan yadda littafi ya faɗa, ka ce haka ne. Mai Sito zai karɓa ba tare da awo ba. Takardarka ta fito fes."

Da Sakatare ya tafi, Mai Almakashi ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Abin da ya shekara goma sha takwas yana tsoro, ga shi kalma biyu za su share shi. Sai da ya kai rabin hanyar gida sannan ya tuna wane ne direban.

Ya tarar da Jiniya zaune a tsakar gida a kan turmi, yana shan shayi a kofin maigidan. Labari ya riga ya iso.

Jiniya ya ce, "Sannu da zuwa, mijin Yaya, sarkin almakasan duniya! An ce ƙofata mita goma sha biyu ce. Wallahi tun ɗazu nake murna. Gobe zan je in gaya wa motar, wataƙila ita ce ba ta sani ba."

"Kai dai ba ka da aiki sai surutu. Wa ya ba ka kofina?"

"Ai gara in saba. Idan sun kore ni, nan zan dawo da yara shida da uwarsu. Ka ga ƙofar gidanka ma a littafi sai mu ce mita ashirin ce, kowa ya shiga."

Ya yi dariya shi kaɗai, amma dariyar ba ta kai ƙarshenta ba. Ya ajiye kofin ya ce, "Shekara goma sha tara ina tuƙi ban taɓa taka ko kaza ba." Daga nan ya yi sallama ya fita.

Mai Almakashi ya shiga ɗaki ya tarar da matarsa a gaban keke, guntaye biyun bikin ƙarshe, waɗanda ba ta ɗinke ba tukuna, a kan cinyarta. Ya jira ta roƙe shi saboda ƙaninta, domin ya riga ya shirya amsa. Ba ta roƙe shi ba. Ta haɗa guntayen, ta taka keke, ta ciji zare, ta ɗauko tef ɗinta na awo ta shimfiɗa.

Ta ce, "Mita ɗaya da rabi, har da ɗan ragi. Malam, ni na cinye sauran da hannuna, yatsa uku-uku, kana tsaye a kaina. Idan ka ce musu sha biyu ne, ka dawo ka gaya mini abin da na yi shekara talatin ina ɗinkawa."

Ya ce, "Uwar yara, sunana fa."

"Na san shi. Ni ma da shi ake kirana."

Ran Laraba da ƙarfe goma kwamiti ya zauna a zauren hukuma, ƙarƙashin fankar da ke juyawa ba ta ba da iska. Shugaba yana tsakiya, Sakatare a damansa, Injiniya da Mai Sito a hagu. Jiniya yana kan benci a baya, ya cire hularsa ta aiki ya riƙe a hannu. Mai Almakashi ya shigo da takalmi a goge, farantinsa a hannu, almakashi da ƙyalle a kai.

Sakatare ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, littafin sito ya ce ƙyallen hukuma mita goma sha biyu ne. Haka ne?"

Mai Almakashi ya buɗe baki da niyyar cewa haka ne, ko da yake har ya shigo zauren bai yanke shawara ba. Sai ya ji hannunsa ya riga ya shiga aljihu ya fito da tef ɗin matarsa. Ya shimfiɗa ƙyallen a kan tebur ya auna a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, mita ɗaya da rabi ne. Har da ɗan ragi."

Sakatare bai girgiza ba, ya nuna tef ɗin da bakin alƙalami. "Wannan abin awon na hukuma ne?"

"Na matata ne."

"To kwamiti bai san shi ba. Mai Sito, muna da abin awo a littafi?"

Mai Sito ya ce, "Akwai ɗaya, ranka ya daɗe, amma yana cikin ofishin da aka rufe tun da makulli ya ɓace. Shi ma makullin a littafi yana nan."

Sakatare ya ce, "Madalla. Ke nan awon da ke gaban kwamiti ɗaya ne tak, na littafi. Malam, kana iya tafiya."

Mai Almakashi ya tsaya. An ba shi hanyar fita karo na biyu, ya faɗi gaskiya kuma an ƙi karɓa, ba wanda zai zarge shi. Ya waiga ya ga Jiniya yana murza hula. Sai ya ɗauki ƙyallen ya zagaya tebur, ya tsaya a bayan kujerar Sakatare, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, a ɗan ɗaga hannu."

Kafin Sakatare ya gane abin da ake ciki, ƙyalle ya zagaye cikinsa. Da ƙyar bakunan biyu suka haɗu, abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba.

Mai Almakashi ya ja da baya taku biyu ya ce, "Na yarda mita goma sha biyu ne. Sai a rubuta a bayanin zama cewa an gwada shi a jikin Sakataren hukuma, an samu cikinsa mita goma sha ɗaya da wani abu."

Injiniya ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Jiniya ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito kamar an danna ƙahon mota. Shugaba ya share hawaye ya ce, "Sakatare, rubuta mana. Ai kai ne ka ce abin da ke littafi shi ne gaskiya."

Sakatare ya dubi alƙalami, ya dubi cikinsa. Bayanin zama ana ajiye shi har abada, kuma kowane magatakarda yana iya buɗewa ya karanta. Ya ce da ƙaramar murya, "Kwamiti ya lura cewa ƙyallen ya yi ƙasa da abin da ke littafi."

Hukunci ya fito kafin azahar. An wanke direba, an kuma ba da umarnin a fasa katanga. Amma Sakatare bai manta da wanda ya ɗaure shi a gaban jama'a ba, kuma doka tana gefensa. Da hannunsa ya rubuta takardar sallamar Mai Almakashi: "Ya mayar da almakashi ɗaya da faranti ɗaya. Ƙyalle kuwa, mita goma da rabi sun salwanta a hannunsa, ba a san inda suka shiga ba." A taron ban kwana aka karanta sunayen mutum biyar, nasa ba ya ciki. Ya zauna a kujerar ƙarshe har aka tashi, ya yi wa kowa tafi. A hanyar gida ya ji mai gyaran agogo yana gaya wa maƙwabcinsa cewa ashe mutumin nan shiru-shiru shekara talatin yana kwasar yadin hukuma, matarsa tana ɗinka wa mutane huluna da shi. Bai tsaya ya gyara musu ba. Ya shiga gida, kwana uku bai fito ba, takalminsa ma bai goge ba.

A rana ta huɗu da safe Jiniya ya yi sallama, tun daga bakin titi ana jin sa. Ya ce magina sun fasa katanga, yau mota za ta fita, kuma ya rantse ba zai taɓa sitiyari ba sai mijin Yaya yana wurin. Uwar yara ta miƙo wa Mai Almakashi hularsa, shi kuma ya karɓa.

Ba a yi biki ba, babu jawabi, babu mai hoto. Akwai tarin fasassun bulo a gefe, da wawakeken giɓi a katanga, da mai faci tsaye ya harɗe hannu yana jiran ya ga motar da idonsa. Jiniya ya hau, ya murza makulli. Mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru, domin jiniyar ranar gobara ta shanye batirin tas. Sai turi.

'Yan kwana-kwana suka jeru a baya, mai faci ya shiga cikinsu, aka rasa mutum ɗaya a gefen hagu. Mai Almakashi ya naɗe hannun riga ya dafa jan ƙarfen motar. Jiniya ya leƙo ta taga ya ƙwala murya yadda duk titin zai ji:

"Mijin Yaya! Ɓarawon ƙyalle! Sa ƙarfi mana, ko yadin da ka ci bai zauna maka a jiki ba?"

Mutane suka fashe da dariya. Mai Almakashi ya ji zafin kalmar har cikin ƙirjinsa, ya kuma san cewa sunan ya zauna ke nan har ƙarshen ransa. Ya ce, "Kai dai riƙe sitiyari, kada ka kunyata ni ka daki bango." Sannan ya sa kafaɗa, ya tura tare da sauran, tayoyin suka fara juyawa a kan ɓaraguzan bulo.